Gidan marigayi yayana a Houston: wa ke riƙe da takardun?

Abban Walid, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abokin aikina ne ya sako ni a nan, ya ce akwai mutanenmu mazauna Amurka da za su iya haska mini hanya. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya Allah ya yi masa rasuwa a Houston wata biyar ke nan, bayan shekara 19 a can, kuma a can aka yi masa sutura. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa a nan Kano, da 'ya'ya uku, biyu maza. Tun 2016 ya gaya wa Hajiya ya sayi gida, har hoto ya turo, yana tsaye a ƙofar gareji da makulli a hannu. Yanzu abokinsa da ya tsaya kan jana'izar ya ce mana banki ya ƙwace gidan, babu abin da ya rage, amma in mun turo dala 1,500 zai ɗauki lauya ya karɓo mana takardun da suka nuna haka. Ni ba zargin kowa nake ba, mutumin ya yi mana ɗawainiya. Sai dai dukiyar marayu ce, kuma a wuyana aka rataya ta. Akwai inda mutum zai duba da kansa, ko dole sai da lauya?

Kawu na Alief:
Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya ba Hajiya haƙurin rashi. Ɗana, kada ka tura ko dala ɗaya tukuna. Shekarata 31 a garin nan na Houston. Duk gidan da aka saya ko aka sayar ko banki ya karɓa, takardarsa tana ofishin magatakardan gunduma, kuma kowa yana da ikon dubawa. Ba a tambayarka kai wane ne, ba a tambayarka me za ka yi da ita. Maman Ilham, kina kusa? Wannan aikinki ne.

Maman Ilham, Dallas:
Ina nan Kawu. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Abban Walid, aikin da nake yi ke nan a kamfanin da ke tantance takardun gida kafin a yi ciniki, don haka ka saurare ni da kyau.

Kuskuren da mutanenmu ke fara yi shi ne zaton cewa akwai wani babban ofishi a Washington da ya tara komai. Babu shi. Ƙasar nan tana da gundumomi sama da 3,000, abin da suke kira kawunti, kuma takardar fili ko gida tana zaune ne a gundumar da ƙasar take. Jihar Texas kaɗai gundumominta 254 ne. Kowacce da magatakardanta, da rumbun takardunta.

Wuri biyu za ka fara dubawa, duka kyauta ne a intanet. Akwai ofishin da ke ƙiyasta darajar gidaje don yanka haraji, na gundumar Harris ana ce masa HCAD. Kana sa suna ko adireshi zai nuna maka sunan wanda ke kan gidan a yau da nawa suka kimanta shi. Sai kuma shafin magatakarda, a ƙofarsu an rubuta County Clerk, ɓangaren takardun filaye. A can ake jera takardu da sunan mai sayarwa da sunan mai saye. Ka fara da sunan mahaifi, domin shi suke ɗauka sunan dangi. Ka gwada rubutun sunan ta kowace fuska: Muhammad, Mohammed, Mohd, Abdullahi, Abdullah. Magatakarda yana shigar da suna ne yadda ya gan shi a takarda, harafi ɗaya ya canza sai ka ga kamar babu mutumin.

Abban Walid, Kano:
Hajiya Maman Ilham na gode, Allah ya saka da alheri. Tun bayan isha nake kai. Na gwada sunan ta hanya shida, na sa adireshin da ke jikin wasiƙun da yake aiko mana. Babu komai. Ko sunan titin bai fito ba. Jikina ya yi sanyi. Ke nan gidan haya ne ya ɗauki hoto a gabansa? Yayana ba maƙaryaci ba ne wallahi.

Kawu na Alief:
Kwantar da hankalinka. Kada ka rubuta adireshin a nan, turo mini ta gefe.

Kawu na Alief:
Na gani. Ai ka je neman akuya ne a garken shanu. Wannan unguwar wasiƙarta tana cewa Houston, amma ƙasar ta gundumar Fort Bend ce. Birnin Houston ya shiga gundumomi uku: Harris, da Fort Bend, da Montgomery. Ofishin Fort Bend yana garin Richmond, na sha kai fasinja can lokacin da nake tuƙin tasi. Ka koma shafinsu ka sake dubawa.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Allah ya ji ƙan mamaci. Abin da Kawu ya faɗa ba a Texas kaɗai yake ba. Atlanta ma ta rabu tsakanin Fulton da DeKalb. Kuma sunan ofishin yana canzawa daga jiha zuwa jiha, shi ke rikita baƙo. Mu nan North Carolina, a gundumar Guilford, ofishin ana ce masa Register of Deeds, kuma wuri ɗaya ne ake samun takardar gida da ta aure da ta haihuwa da ta mutuwa. A Louisiana ko sunan kawunti ba sa amfani da shi, farish suke cewa.

Abu ɗaya zan ƙara don 'yan'uwa su kiyaye. Wata biyu da sayen gidana sai ga wasiƙa mai kama da ta gwamnati, da tambari da ranar ƙarshe ta biya, wai in turo kusan dala 90 a aiko mini kwafin takardar mallakata. Har na rubuta cak. Maƙwabcina ne ya nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasa, ashe wani kamfani ne kawai. Da na je ofishin gunduma da ƙafata, abin da na biya bai kai kuɗin abincin rana ba. Su ma daga wannan rumbun suka samo sunana, suna so su sayar mini da abin da yake nawa.

Abban Walid, Kano:
Shafin Fort Bend ya ƙi buɗewa a wayata, ban sani ba ko matsalar layinmu ce. Hajiya Maman Ilham, na turo miki sunan ta gefe, don Allah ki duba mini.

Maman Ilham, Dallas:
Yakan faru, wasu shafukan gwamnatocin nan ba sa buɗe wa wanda ke wajen ƙasar. Na duba. Gidan yana nan, yayanka bai yi ƙarya ba. Na turo maka takardu biyu ta gefe. Ka karanta su a natse kafin ka ce komai a nan, kuma abin da ka ga bai dace ka faɗa ba, ka riƙe shi.

Abban Walid, Kano:
Na karanta. Na yi awa biyu ban iya cewa komai ba. Tunda ban faɗi sunan kowa ba, zan yi magana, domin shawara nake nema.

Na farko, takardar ta ce an sayar masa da gidan a kan dala goma. Dala goma fa. Wannan ba alamar wata cuwa-cuwa ba ce? Na biyu, shi ne ya fi tsaya mini a rai: suna biyu ne a kan gidan. Nasa da na wata mace, kuma an rubuta miji da mata. Ba mu taɓa jin labarinta ba. Hajiya ba ta sani ba, matarsa ta nan ba ta sani ba.

Maman Ilham, Dallas:
Maganar dala goma kada ta dame ka. Texas ba ta tilasta a bayyana kuɗin da aka sayi gida, shi ya sa kusan kowace takardar mallaka ke cewa dala goma da sauran abin da aka yi yarjejeniya a kai. Tsohon salon rubutu ne kawai. In kana son ka san nauyin cinikin, ka duba takarda ta biyu, ta jingina, wadda a samanta aka rubuta Deed of Trust. Ita ce ta faɗi nawa banki ya ba su bashi, da shekarar da bashin zai ƙare. Nasu na shekara 30 ne, kamar na yawancin mutane.

Yanzu ga abin da ya shafi maganar abokin nan. In bashi ya ƙare, banki yana shigar da takardar warware jingina. Babu ita, ke nan akwai sauran bashi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. In kuma banki ya yi gwanjon gida, dole a ga sawunsa. A Texas ana gwanjon ne ranar Talatar farko ta wata, kuma sai an shigar da sanarwa a ofishin magatakarda aƙalla kwana 21 kafin ranar. Bayan gwanjo sai a shigar da sabuwar takarda da sunan wanda ya saya. Kafin ma a kai nan, dokar tarayya ta hana banki fara wannan hanya sai bashi ya haura kwana 120 ba a biya ba. Na duba sanarwowin gwanjo, na duba takardun da aka shigar a kan gidan tun 2016. Babu sanarwa, babu sabon mai gida. Harajin bara ma an biya. Gidan nan ba a ƙwace shi ba, kuma ga dukkan alama akwai mai biyan kuɗinsa duk wata.

Malam Bazazzagi, Bronx:
Assalamu alaikum. Allah ya yi masa rahama. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma yanzu dole in yi magana. Jama'a mu ji tsoron Allah. Bawan Allah ya rufe sirrinsa shekara da shekaru, ya koma ga Ubangijinsa, a dare ɗaya mun bankaɗo shi a gaban mutum ɗaruruwa. Allah ya hana mu bin diddigin juna a cikin Suratul Hujurat, kuma an umarce mu da kame baki daga abin da matattu suka aikata. Wannan tsari nasu na baje kolin rayuwar mutum a intanet, ni ban taɓa ganin alherinsa ba. Yau kowa zai iya sanin nawa ake bin ka, wa ka aura, yaushe ka saki, wa ya kai ka kotu. Ina rufin asiri? Mu da muka taso aka koya mana ko hatsin da ke rumbunka ba ka faɗa wa maƙwabci yawansa.

Kawu na Alief:
Allah gafarta Malam, ina jin maganarka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ka duba wanda ya yi binciken. Ba ɗan gulma ba ne, ƙanen mamaci ne da aka ɗora wa amanar marayu. An ce masa gida ya tafi, a kawo dala 1,500. Da bai duba ba, da ya sayar da abin hannunsa ya tura, kuma 'ya'yan sun rasa gadon ubansu har abada. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ai kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutanen nan rubutun suka yi, suka ajiye inda ba wanda zai ce ɓera ya ci. Kuma aure ba abin kunya ba ne da za a ce an tona. Shi kansa marigayin ne ya sa hannu a takardar da ta ce matarsa ce.

Malam Bazazzagi, Bronx:
Alhaji, rubuta bashi tsakanin mai bayarwa da mai karɓa da shaidu biyu daban, liƙa shi a kasuwa daban. Ban ce kada wasiyyi ya bincika ba. Cewa na yi abin da aka gano bai kamata ya zo zaure ba.

Abban Walid, Kano:
Malam na karɓi gyara, kuma Allah ya yafe mini in na yi kuskure. Ban ambaci suna ba, ban ambaci unguwa ba. Amma wallahi ba ni da wanda zan tambaya a nan Kano da ya san dokar can.

Ummu Hani, Columbus:
Malam, da girmamawa, bari mu mata mu faɗi namu. Ƙanwata wani ya zo neman aurenta daga wata jiha, mai kamala a ido, dangi har sun fara maganar sa rana. Ya ce ya rabu da matarsa shekara uku. Mijina ya shiga shafin kotun gundumarsu, sai ga shari'ar sakin ba a ma gama ta ba, ga kuma umarnin kotu na hana shi kusantar matar saboda duka. A gida, iyaye sukan tura a bincika asalin mutum da halinsa a unguwarsu kafin a ba shi 'ya, ba wanda ya taɓa kiran wannan tonon asiri. A nan ba mu da unguwar da za mu tura, ba mu da dattijon da ya san kakansa. Ofishin gunduma shi ne ya zame mana mai unguwa. Fatima bint Ƙais ma da ta nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan masu neman aurenta, ai ya faɗa mata aibin kowannensu.

Malam Bazazzagi, Bronx:
Wannan hujja ce, Malama, ban musa ba. Bincike don aure ko ciniki ko gado malamai sun halatta shi gwargwadon buƙata. Abin da nake gani da idona a nan New York shi ne wanda ba buƙata. Akwai shafin birni da ake ce wa ACRIS, yana nuna takardun gidajen Bronx da Manhattan da Brooklyn da Queens tun daga 1966. Na san mutanen da ba su da aiki sai shiga su duba wane ya sayi gida, nawa ya ci bashi, su kai labari gida a ce ai wane duk rance ne. Zumunci nawa wannan ya ɓata? Wuƙa ɗaya ce, wani ya yanka rago, wani ya yanki ɗan'uwansa.

Maman Ilham, Dallas:
A nan kam ina tare da Malam. Kuma don kada a ɗauka komai a buɗe yake: ba haka ba ne. A Texas takardar haihuwa a rufe take shekara 75, ta mutuwa shekara 25, sai dangi na kusa kamar iyaye, 'ya'ya, miji ko mata, ko ɗan'uwa na jini. Shari'ar ƙananan yara da ta ɗaukar riƙo ana rufe su. Lambar sirri ta mutum ana shafe ta daga kwafin da ake sawa a intanet. Ohio da Ummu Hani take kuwa ta fi sakin hannu, kowa na iya neman takardar haihuwa ko ta mutuwa. Kowace jiha da nata ma'aunin.

Barista, Abuja:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa. Tambaya ga na can: wannan duk a ƙarƙashin dokar Amurka ta 'yancin samun bayanai ta 1966 ake yi? Domin mu ma muna da tamu tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Maman Ilham, Dallas:
A'a Barista. Ta 1966 hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, ba ta hau kan gunduma ba. Kowace jiha tana da tata dokar. Amma takardar gida ma ba ta buƙatar wannan hanya. Dalilin shigar da ita a rumbu tun farko shi ne duniya ta sani, don kada a sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Wanda ya saya bai shigar ba, shi ya jawo wa kansa.

Barista, Abuja:
To nan ne bambancin yake. Mu ma ana binciken takardar fili, a hukumar rajistar filaye, KANGIS a Kano ko AGIS a nan Abuja, ka rubuta takardar nema ka biya kuɗi. Amma filayen da ke hannun talakawa da yawa ba su taɓa shiga rajista ba, takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, tana cikin akwati a ƙarƙashin gado. Rabin shari'o'in da ke kan teburina ke nan. Abban Walid, in takardun can za su yi aiki a kotun nan, ka sani Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta hatimi guda. Sai an bi da su ta ofishin sakataren jihar Texas, da ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancinmu. Ka nemi kwafi mai hatimi tun farko, na intanet ba zai wadatar ba.

Abban Walid, Kano:
Na gode Barista. Hajiya Maman Ilham, auren fa? Akwai inda za a ga ko da gaske ne?

Maman Ilham, Dallas:
Na duba rajistar aure ta Fort Bend da ta Harris, ban ga lasisi da sunansa ba. Amma kada ka gina komai a kan wannan. A Texas mutum yana iya karɓar lasisi a kowace gunduma, kuma a inda aka bayar ake ajiye shi. Jiha tana da jerin aurarraki tun daga 1966, ana iya neman wasiƙar tabbatarwa a can. Ƙari a kan haka, yawancin mutanenmu a masallaci suke ɗaura aure ba tare da lasisi ba, kuma wannan ba zai taɓa fitowa a rumbun gunduma ba. Rumbu abin da aka kai masa kaɗai ya sani. Sannan dokar Texas tana amincewa da auren da ba lasisi in mutum biyu sun yarda su ma'aurata ne, suna zaune tare, suna gaya wa mutane haka. Takardar gidan da ta ce miji da mata hujja ce babba a hannunta.

Na kuma duba ɓangaren gado a ofishin magatakardan. Ba wanda ya buɗe fayil da sunansa, ba a kai wasiyya ba. In akwai wasiyya, doka ta ba da shekara 4 a gabatar da ita. In babu, kotu ce za ta tantance magada, kuma takan naɗa lauya na musamman ya nemo magadan da ba a sani ba. Nan ne 'ya'yan Kano ke buƙatar a san da su tun wuri.

Daga nan kuma aikina ya ƙare, na lauya ya fara. Mace a Kano, mace a Texas, dokar da ba ta san mata biyu ba: wannan ba abin da za a warware a zaure ba ne. Ka nemi lauyan gado na Texas da kanka, kada ka bi ta hannun kowa. Akwai tsarin ƙungiyar lauyoyi na haɗa mutum da lauya, rabin awar farko dala 20 ne. Kuma shafin ƙungiyar lauyoyin jihar yana nuna ko mutum lauya ne na gaske, ko an taɓa hukunta shi.

Malam Bazazzagi, Bronx:
Tunda an zo gado, ga abin da ya wajaba a sani. A shari'a, bayan an biya bashi, mahaifiya tana da sudusi, matan aure su raba tumuni a tsakaninsu, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Kai Abban Walid ba ka da komai tunda akwai ɗa namiji, wakili ne kai kawai. Dokar Texas fa, me ta ba Hajiya?

Maman Ilham, Dallas:
Ba ta ba ta komai ba, Malam, muddin akwai 'ya'ya kuma babu wasiyya. Abin da aka saya cikin aure, rabi na matar ne tun asali. Rabinsa kuma, tunda yana da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, na 'ya'yansa ne duka, mace da namiji daidai. Kuma matar tana da haƙƙin zama a gidan muddin ranta, ba mai fitar da ita.

Malam Bazazzagi, Bronx:
To kun ji. Shekara nawa muna roƙon mutane a masallaci su rubuta wasiyya a ƙasar nan. Wanda bai rubuta ba ya bar wa jiha ta raba masa, kuma uwar da ta haife shi ta tashi a tutar babu. Sai dai in magadan sun ji tsoron Allah sun daidaita a tsakaninsu.

Kawu na Alief:
Ɗana, shawarata ta dattijo: kafin lauya, kafin kotu, a yi sallama da matar nan. Wata biyar tana biyan bashin gida ita kaɗai, ba mu san halin da take ciki ba. Kada a shigo mata da takarda a hannu kamar an zo ƙwace. In ka yarda, ni da iyalina za mu je mu yi mata ta'aziyya ranar Asabar, mu ji daga bakinta.

Abban Walid, Kano:
Na yarda Kawu. Allah ya biya ka.

Kawu na Alief:
Jama'a mun je, kuma Abban Walid ya ba ni izinin faɗin wannan. Baiwar Allah ce Musulma, ma'aikaciyar jinya, ba Bahaushiya ba. A masallaci aka ɗaura musu aure, ta fito mana da takardar liman. Tana ganinmu ta fashe da kuka. Ta ce ta san yana da iyali a Kano, hoton Hajiya ma yana rataye a falo, ta daɗe tana roƙon abokin nan ya ba ta lambar gida yana ce mata dangi ba sa son jin sunanta. Akwai yarinya 'yar shekara 6. Tana shigowa iyalina ta kama baki, domin na nuna mata hoton marigayin tun a mota: goshinsa ne sak, har wushiryar. Ta gaishe mu da "ina wuni" da ubanta ya koya mata.

Takardar mutuwar tana hannun matar, kwafi biyar ta karɓa ta hannun masu jana'iza, ta ba ni ɗaya. Kuɗin jana'iza ta ce ita da jama'ar masallaci suka haɗa, ta nuna mini rasit.

Ummu Hani, Columbus:
Allahu akbar. Marainiya ta huɗu ke nan, da an raba gado babu ita.

Malam Bazazzagi, Bronx:
Haƙƙinta ne, kuma sanin ta wajibi ne a kan masu rabo. Wannan binciken ya yi amfani, na faɗa a gaban kowa. Maganata kan masu leƙen asirin mutane don gulma tana nan yadda take. Abokin nan kuma kada a yanke masa hukunci a zaure, a kira shi a ji ta bakinsa.

Abban Walid, Kano:
Na kira shi jiya. Ya ce marigayi ne ya roƙe shi kada Hajiya ta ji maganar auren sai ya zo da kansa ya faɗa mata, shi ya sa ya ce gidan ya tafi don kada mu bincika. Da na tambaye shi dala 1,500 ɗin, sai ya yi shiru, daga baya ya ce a bar maganar. Na bar shi da Allah.

Na yi magana da matar ta bidiyo, Kawu yana fassara inda Turancina ya gaza. Ta yarda a je wurin lauya tare, ta kuma ce tana son a yi rabon yadda addini ya ce, har da kason Hajiya, in an nuna mata yadda ake yi. Malam, zan turo maka adadin magadan ta gefe ka lissafa mana.

Abin da ya rage mini shi ne Hajiya da matar yayana ta nan. Ban faɗa musu ba tukuna. Na kira kawunmu daga Bichi, gobe bayan la'asar za mu shiga wurin Hajiya tare, hoton yarinyar yana wayata. Ku sa mu a addu'a.

Kawu, Barista ya ce kwafi mai hatimi. Nawa zan turo?

Kawu na Alief:
Dala ɗaya ce kowane shafi, hatimi dala 5 kowace takarda. Ta mallakar shafi uku ce, ta jinginar ta fi kauri. Kada ka turo komai, Litinin da safe zan shiga Richmond in karɓo. Maman Ilham, turo mini lambobin takardun biyu, kada in je in tsaya neman suna a gaban magatakarda.

Maman Ilham, Dallas:
Na turo Kawu. Ka karɓi kwafi biyu na ta mallakar, ɗaya na lauya, ɗaya na Kano.